Ƙarfe Ukun Zanzibar Ba Ƙarfe Ukun Zariya Ba Ne

Tun da muka dawo daga Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, a farkon Janairun 2025 ban huta da tambaya ba. A makarantar da nake koyarwa, a gidan biki, har a kasuwar Sabon Gari wata tsohuwar ɗalibata ta tare ni ina cinikin tattasai, duk tambayar ɗaya ce: ta ina aka fara, nawa aka kashe. Na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na ba da labarin da baki sai na tsallake wani abu mai muhimmanci, shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga tushe. Mu biyar muka tafi: ni, maigidana Malam, mahaifiyarsa Hajiya, ɗanmu mai shekara 12, da auta mai shekara 7. Kuɗin kuwa adashina ne na shekara biyu da masarar da Malam ya noma a wajen Shika ya ɓoye har ta yi daraja. Yaran ba su taɓa ganin ruwan da ya fi madatsar Kubanni ba. Hajiya ta ga teku sau biyu, amma ta tagar jirgi, ana shirin sauka a Jidda.

Fasfo muka fara nema, a watan Satumban 2024, kuma tun a nan jinkirina ya ci mu tara. Da a watan Agusta muka cike, naira 35,000 za mu biya kan kowane fasfo mai shafi 32 na shekara biyar. Daga 1 ga Satumba ya koma 50,000. Ni da yara biyu muke buƙata, ka ga 150,000 ke nan a maimakon 105,000. Wanda zai nema yanzu ya sani an sake ƙarawa a Satumban 2025, ƙaramin ya zama 100,000, babban mai shafi 64 na shekara goma ya zama 200,000. A intanet ake cikewa, a can ake biya, a ɗora hoto da takardu, sannan a zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu. Kowa sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, har auta. Ga yara an nemi takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da wasiƙar amincewar iyaye, da shaidar uba ko uwa. Ni kuma na haɗa da takardar shaidar ƙaramar hukumata. Abin da ya tsayar da mu harafi ne. Sunan mahaifin yaron a takardar haihuwa an rubuta shi iri ɗaya, a NIN wani iri, irin bambancin nan na Muhammad da Mohammed da duk muke rainawa. Laifina ne, ni na kai shi rajista shekarun baya, aka miƙo min takardar na cusa a jaka ban karanta ba. Fasfo ba ya fita sai bayanan sun dace da na NIN harafi da harafi, don haka muka koma gyara, gyaran ya ci mako uku. Ranar ɗaukar hoto mun isa ofishin ƙarfe bakwai da rabi, ba a kira mu ba sai bayan azahar, auta ta yi barci a cinyata ta tashi da shatin zane a kumatu, da shi aka ɗauke ta. Aikin kansa bai kai minti goma kan mutum ba. A tsakiyar Oktoba fasfunan suka fito.

Na Malam yana da sauran shekara biyu. Na Hajiya ne ya sa gabana faɗuwa, don ƙa'ida ita ce fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida daga ranar shiga ƙasar. Na ƙirga da yatsu sau uku, nata yana da wata tara. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ni da na je Makka sau biyu za ki koya wa fasfo?" Na yi shiru, gaskiyarta ce.

Katin rigakafin cutar shawara shi ma tana da abinta tun na aikin Hajji, a cikin wata 'yar jakar fata tare da carbinta na ajiya. Mu huɗun muka yi rajista a intanet, muka biya, muka buga rasit, muka kama hanyar Kano da sassafe zuwa ofishin lafiya na filin jirgi. Allura ɗaya ce a dantse. Abu biyu ya kamata a riƙe game da ita: katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, saboda haka ba abin da za a bari sai satin tafiya ba ne, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, ba sai an sabunta duk shekara goma ba kamar da. Yaron ya yi zazzaɓi na kwana ɗaya, auta ko gezau, ita da ta cika ofishin da ihu.

Biza ce ta fi cin raina. Wata maƙwabciyarmu ta rantse min cewa a filin jirgi ake bayarwa, ka sauka ka biya a buga maka. A lokacin haka ne ga 'yan ƙasashe da yawa, amma ban da mai fasfon Najeriya. Muna cikin jerin ƙasashen da sai hukumar shige da fice ta Tanzaniya ta duba takardun mutum ta amince tun kafin ya taso, kuma su da kansu suna ba da shawarar a nema da wuri, kamar wata biyu kafin tafiya, kada kuma a sayi tikiti sai amincewa ta fito. A shafinsu na intanet na cike wa kowa nasa daban, da hoton shafin fasfo, da hoton fuska, da adireshin masauki, da takardar da ke nuna ranar zuwa da ranar dawowa. Wannan ta ƙarshe ta ɗaure min kai, tunda an ce kar a sayi tikiti. Ashe masu sayar da tikiti suna iya kama maka kujera su ba ka takarda ba tare da ka biya kuɗin jirgin ba, ita muka ɗora. Kuɗin biza dala 50 ne kan kowa, 250 ke nan, a lokacin da dala ta haura naira 1,500. A wancan lokacin katin bankinmu na naira ba ya biya a shafukan waje, sai da ƙanen Malam da ke Abuja ya biya da katinsa na dala muka tura masa naira. Daga nan sai jira. Mako shida ina buɗe shafin bayan sallar asuba da kafin in kwanta, kullum amsa ɗaya, ana dubawa. Na Malam da na yara suka fito rana ɗaya a farkon Disamba, nawa da na Hajiya sai bayan kwana huɗu. A kwana huɗun nan Hajiya ta ce in nata bai fito ba mu tafi, ita dama rakiya ce, amma na ga ta riga ta sa an ɗinka mata sababbin hijabai biyu.

Sayen tikiti a makare yana da tsada, balle a Disamba, kuma shi ya cinye fiye da rabin abin da muka tara. Wanda zai iya ɗaga tafiyarsa zuwa wani hutun ya ɗaga. Sai abu na ƙarshe da saura ƙiris ya wuce ni: tun 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa duk baƙo sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorar gwamnatinta, dala 44 kan babban mutum, ko da kana da wata inshorar daga gida. A intanet ake saya, a turo maka takarda mai ɗan tambarin nan da ake haskawa da waya. Na buga komai kofi bibbiyu, na raba a jakata da ta Malam. Ledoji kuma na zazzage su daga akwatuna, domin tun 2019 ƙasar ta hana shiga da ledar cefane. Yajin Hajiya da garin kununta sai a robobi masu murfi muka juye su.

Mun bar Zariya cikin hazo, kowa da rigar sanyi da man leɓe. Daga Kano jirgi ya kai mu Addis Ababa, muka yi zaman jira a can cikin wani sanyin da ya fi namu, sannan wani jirgin ya sauke mu a filin jirgin Abeid Amani Karume. Ana buɗe ƙofa zafi mai ɗanshi ya rufe mu, irin na kicin ana tsaka da turara shinkafa. Disamba lokacin zafinsu ne, tunda suna kudu da tsakiyar duniya. Aka duba katin shawara, aka haska takardar inshora, aka karɓi takardar biza, aka ɗauki yatsu, aka buga hatimi. Duk abin da na yi wata huɗu ina tarawa, cikin minti arba'in aka gama da shi. Muka canza dala kaɗan zuwa shilin, muka tura agogo gaba da awa biyu, na ce a raina an gama da rikicin lokaci.

A tsohon gari muka sauka, wanda Turawa ke kira Stone Town, su kuma 'yan ƙasa Mji Mkongwe. Lungunansa sun tuna min da cikin birnin Zazzau, sai dai nasu gidajen benaye ne na dutsen teku, lungun kuma wani ko mota ba ta shiga, sai babur da keke. Ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, kiran salla ta kowace kusurwa, mata cikin baƙaƙen abaya, maza da hula mai aiki. Hajiya ta saki jiki nan da nan. Harshensu ma yana yaudarar kunne, don Larabcin da ya shiga Hausa ya shiga Suwahili: sabuni, dakika, Alhamisi, asubuhi, karafuu wato kanumfari, wanda shi ne ya yi wa tsibirin suna a duniya. Sai ka ji kamar kana ganewa, kuma wannan jin ne ya kai mu ya baro.

Ranar da muka ware wa teku ita ce ta uku. Tun jajibirinta samari masu tallar yawon kwale-kwale suka dame mu a bakin ruwa, kowa da farashinsa da Turancinsa. Malam bai natsu da su ba. Bayan la'asar ya dawo daga masallaci da fara'a, ya ce ya samu wani dattijo mai jirgin katako, mutumin kirki, ba ya jin Turanci sosai amma sun fahimci juna da guntun Larabci da nuni. Zai kai mu wani tudun yashi da ke tsakiyar teku da ake kira Nakupenda, da tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, ya dawo da mu, har da abinci. Malam ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Na ce, "Malam, ƙarfe nawa?" Ya ce, "Uku. Ya ɗaga min yatsu uku, na maimaita masa da Larabci, ya ce na'am." Muka ce madalla, dattijon ya san abin da yake yi, sai rana ta yi sanyi.

Da safe muka karya a natse. Hajiya ta dama kununta, yara suka ci wani burodinsu mai kama da fanke da shayi mai kayan ƙamshi. Wajen goma da rabi muka sauko za mu kasuwar Darajani sayen kanumfari da kirfa, sai yarinyar da ke kula da masaukin ta taso da sauri ta ce ba mu tafi ba? Ai wani dattijo ya aiko yaro har sau biyu. Malam ya ce ai sai ƙarfe uku. Ta tambaya da wane harshe aka faɗa masa, ya ce "saa tatu" aka ce. Ta dafe kai tana dariya tana ba mu haƙuri. Ashe su Suwahilawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi. Ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗayansu, takwas biyu, tara uku. Tazarar awa shida ce cif tsakanin agogon bango da agogon baki. Dattijon tun ƙarfe tara yake zaune a jirginsa yana jiranmu. Malam, wanda ya yi shekara ashirin yana yi wa ɗalibai faɗan makara, ya tsaya riƙe da hula ya rasa ta cewa. Hajiya ce ta katse shirun: "To, Malam, an ci Larabci. Ku ɗauko min takalmina."

Sha ɗaya da rabi ta gota muka isa bakin ruwa. Na zaci za mu tarar da fushi, sai dattijon ya tarbe mu da "pole, pole", wato sannu, ya nuna teku ya nuna rana, ya yi alama da hannu cewa ruwa na dawowa. A nan na fahimci cewa ƙarfe taran ba son ransa ba ne. Teku yana janyewa ya dawo sau biyu a cikin awa ashirin da huɗu, lokacin kuma yana matsawa gaba da kusan minti hamsin kullum, ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da cikarsa. Tudun Nakupenda ba tsibiri ba ne na dindindin, yashi ne da ke fitowa in ruwa ya janye, ya nutse in ya cika. Mu mutanen tudu mun san rafi ya cika da damina ya ƙafe da rani, ba mu san ruwan da ke yin damina da rani tsakanin hantsi da la'asar ba.

Babu gadar hawa. Jirgin yana cikin ruwa, sai ka tattare zane ka taka har gwiwa ka hau wani ɗan tsani. Kafin kowa ya hau na ce sai na ga rigunan kariya guda biyar, kuma sai an samo ƙarama daidai auta, don wadda aka fara miƙo mata har gwiwarta take kaiwa. Yaron dattijon ya ruga wani jirgin ya aro. Hajiya ta tsaya a bakin ruwa ta karanta addu'ar hawa jirgi da ƙarfi, wadda Annabi Nuhu ya yi, dattijon ya amsa mata ya ƙarasa ayar tare da ita, daga nan suka zama 'yan uwa. Jikanta ya miƙa mata hannu, ta ce, "Riƙe ni da kyau, maigida, in na faɗa kai za a tuhuma." Injin ya tashi, garin ya fara ja da baya, ruwan ya sauya daga kore zuwa wani shuɗi da ko a marinar Kano ban ga irinsa ba. Minti goma da tashi cikina ya juya. Ni da na shirya kowa, na manta ban sha maganin jiri ba. Dattijon ya nuna min in daina kallon ƙasan jirgi in kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ya ba ni guntun citta in tauna. Ya taimaka, amma bai hana ni mayar da shayin safe ba.

Da muka iso, tudun ya riga ya ragu. Waɗanda suka zo da wuri suna naɗe rumfunansu. Abin da ya saura fili ne fari tas da bai fi filin ƙwallon makarantarmu ba, babu itace ko ɗaya, ruwa ta ko'ina. Yashin yana ƙona tafin ƙafa, haskensa yana kashe ido. Yara ba su jira izini ba. Auta ta shiga har ƙugu ta kurɓa ta tofar, ta juyo a fusace ta ce, "Umma, wa ya zuba gishiri?" Yayanta ya kwanta a inda ruwan bai kai gwiwa ba yana kallon ƙananan kifaye suna ratsa yatsunsa. Ni da atamfa na shiga, kuma kuskure ne, don in ta jiƙe nauyinta kamar an ɗaura maka buhu, ga ta da mannewa a jiki. Doguwar riga mara nauyi da wando a ciki sun fi, kuma babu mai kallonka, matan garin ma da suturarsu suke shiga.

Lokacin azahar ya yi muna can. Hajiya ta tambayi ruwan alwala, na ɗauko gorar da muka zo da ita, Malam ya ce a bar na sha, ga ruwa nan iya gani. Ya tuna mata hadisin da aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Hajiya ta ce tun tana yarinya a makarantar zaure ta ji wannan, ba ta taɓa zaton za ta yi aiki da shi ba. Ta tsuguna a bakin ruwa ta yi alwalarta a hankali, ta ɗan yamutsa fuska wajen kurkurar baki. Na daɗe ina kallonta. Sannan ta shimfiɗa ɗankwali ta fuskanci gabas kamar yadda ta yi shekara sittin da wani abu tana yi. Dattijon ya taso da sauri yana girgiza kai, ya nuna arewa, yana cewa "kibla". Hajiya ta ce wannan bawan Allah lafiyarsa kuwa, wa ya taɓa salla yana duban arewa? Sai da Malam ya zana mata a yashi: ga Zariya, Makka na gabas da ita; ga Zanzibar can ƙasa, Makka na bisa kanta sak. A masauki darduma a shimfiɗe muka same ta, ba wanda ya lura da inda ta dosa. Ta juya tana gunaguni, muka yi azahar da la'asar a haɗe, raka'a bibbiyu. Kafin mu sallame ruwa ya taɓa gefen ɗankwalin.

A cikin jirgi muka ci abincin, don babu sauran wurin kafa rumfa. Gasasshen kifi, jatan lande, soyayyen dankali, kankana, abarba, mangwaro, da wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira pweza. Malam ya ci don kunyar dattijo, ya ce kamar ganda. Hajiya ta ce halal ɗin ta ji, amma ba dole, ta barbaɗa yajinta a kifi ta miƙa wa dattijon ya ɗanɗana, ya yi tari har da hawaye, ya sake miƙo hannu. Muna ci muna kallon tudun da muka yi salla a kai yana ƙanƙancewa, ya zama kamar tabarma, ya zama kamar faifai, tsuntsaye suka tashi daga kansa, shi ke nan. Awa ɗaya da 'yan mintuna muka samu a wurin da aka shirya mana awa uku.

Changuu ba ya nutsewa, don haka can ba gaggawa. Ɗan tsibiri ne mai tazarar kilomita biyar da wani abu daga gari, ana biyan kuɗin shiga daban a ƙofa, abin da ba ya cikin cinikin jirgi, sai a tanadi shilin a hannu. Ana ce masa tsibirin kurkuku saboda ginin da Turawan Ingila suka sa aka fara a 1893 don ɗaure masu laifi, amma ba a taɓa ɗaure kowa a ciki ba, sai aka mayar da wurin inda ake killace matafiyan da ake tsoron sun ɗauko annoba, musamman shawara. Na taɓa jakata inda katinmu yake na yi dariya ni kaɗai. Kafin wannan ginin kuma an taɓa tsare bayi masu tawaye a tsibirin. Zanzibar babbar kasuwar bayi ce har zuwa 1873 da aka rufe ta a zamanin Sarki Barghash, kuma mai yi mana bayani bai ɓoye ba. Yaron ya yi tambayoyi da yawa a nan, wasu ban da amsarsu, wasu kuma amsar ta biyo ta tarihin garinmu.

Kunkurun su suka mayar da shi yaro. Asalinsu guda huɗu ne da gwamnan Ingila na tsibiran Sishel ya aiko kyauta a 1919, suka hayayyafa. Ni kunkurun da na sani shi ne wanda ake sakawa a rijiya ko a bayan gida, wanda za ka ɗauka da hannu ɗaya. Waɗannan kuwa wani ya kai turmi uku a haɗe, wuya kamar na raƙumi in ya miƙa, wasu sun haura shekara ɗari. An hana hawa bayansu, kuma ana sa ido. Auta ta ɓuya a bayan Hajiya, Hajiya ta ce, "Kishiya, yau kuma ni ce mafaka?" Ita kanta ta tsaya gaban wani tsoho da aka ce ya girmi kakanta, suka kalli juna, ta ce masa, "Sannu, Baba." Ga ɗawisu suna yawo a tsakaninsu ba mai kula su.

Rana na faɗuwa muka dawo, ta bayanmu, jirage masu filafilai suna fita kamun kifin dare. Malam ya cika wa dattijon kuɗinsa ya ƙara masa na zaman jiran da ya yi, ya ƙi karɓa sai da Hajiya ta sa baki. Bayan magariba muka zauna a dandalin Forodhani, inda masu abinci ke kafa tebura da fitilu kowane dare, kusa da tsohuwar ganuwa da babban gidan nan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a 2020, muka same shi a rufe ana gyara. Muka sha ruwan rake da citta da lemun tsami. A nan a tambayi farashi kafin a ce a zuba, ni ban tambaya ba a teburin farko, na biya kuɗin karatu.

Wanda zai bi wannan hanya, ya fara da fito da takardar haihuwa da ta NIN na kowa ya jera su ya karanta harafi-harafi, tun kafin ya biya ko sisi. Ya ba kansa wata huɗu zuwa biyar, fasfo da allura a farko, biza a tsakiya, tikiti da inshora a ƙarshe, kuma ya sake duba farashi da ƙa'idoji a shafukan hukuma don suna sauyawa. In ya isa, duk alƙawarin lokaci da zai yi da ɗan gari ya buɗe agogon waya ya nuna lambar, ya tambaya safe ko yamma, in da hali a rubuta. Ya tambayi lokacin janyewar ruwa na ranar da ya zaɓa kafin ya tsara komai, masu masauki sun sani. A sha maganin jiri kafin a hau, a riƙe hula da ruwan sha fiye da yadda ake zato, da takalmin roba saboda ƙayar ruwa, a sa waya da fasfo a abin da ruwa ba ya shiga. Mu baƙaƙe ma rana tana ƙona mu, kafaɗun yaron sai da suka saɓule bayan kwana uku.

Mun sauka Kano muka tarar hazon ya ƙaru, kafin mu kai Kwanar Dangora leɓuna sun fara tsagewa. Da muka buɗe akwatin Hajiya a gida sai ga gorar ruwa cike, an naɗe ta da hijabi, ashe ta ɗebo teku ba wanda ya sani. Tana nan a kan kabat ɗinta. Duk tsohuwar da ta zo yi mata barka da dawowa sai ta ɗiga mata a tafin hannu ta ce ta lasa, sannan ta ba ta labarin sallar da ta yi tana duban arewa. Har yanzu akwai ƙawarta ɗaya a Tudun Wada da ta ce sai ta rama wannan sallar.